Ƙa'ida da Naɗin Taurari a Wasan Kalankuwa da Wasan Tebur na Turawa

1.0 Gabatarwa

A rabe-raben adabin baka na Hausa an saba ajiye kalankuwa a rukuni ɗaya da tashe da wasan gauta, a kira su duka wasannin kwaikwayo na gargajiya. Wannan rabo yana da hujja, domin a cikin ukun nan akwai kwaikwayon wani mutum da halinsa. To amma ɗalibin da ya ɗauki ma'aunin da ake auna Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi ko Uwar Gulma na Mohammed Sada, ya ce zai auna kalankuwa da shi, nan da nan zai ga ma'aunin ya gaza. Zai nemi jigo ɗaya tsayayye ya rasa. Zai nemi zubi da tsari, ya tarar abin da aka yi bana ya saɓa da na bara. Zai nemi 'yan kallo, ya iske rabinsu suna cikin wasan. Daga nan sai ya yanke hukunci cewa kalankuwa wasan kwaikwayo ne da bai nuna ba, alhali kuwa laifin na ma'auni ne.

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa kalankuwa wasa ne mai ƙa'ida wanda labarinsa ke fitowa a yayin da ake yin sa. Domin a fito da wannan fili, za a kwatanta shi da wani wasa na Amurka da ake yi a bisa tebur, a dubi yadda kowannensu yake gina taurarinsa da yadda yake raba gardama. Daga baya za a kawo misali daga ƙasar Yawuri, sannan a jero tambayoyin da suka kamaci mai bincike.

2.0 Wasan Shiga-riga

Za a fi gane abin da ake nufi idan aka jera wasanni uku.

Na farko shi ne dara, wanda littattafan Turawa sukan danganta shi da Dakarkari na ƙasar Zuru, ko da yake ana yin sa ko'ina a ƙasar Hausa. Akan haƙa gurbi 30 a ƙasa, kowane ɗaya daga cikin mutum biyu ya riƙe 'ya'ya 12, wanda ya jera uku a layi ya ci ɗa ɗaya na abokin karawarsa. Ƙa'idar dara tsattsaura ce, amma babu tauraro a cikinsa. Tsinke tsinke ne, dutse dutse ne, babu mai suna balle hali.

Na biyu shi ne tashe, wanda yara kan fara bayan azumi ya kwana goma. Akwai taurari sanannu kamar Macukule da Jatau Mai Magani da Tsoho da Gemu, kowa da shigarsa da waƙarsa. Sai dai yaron da ya yi shigar tsoho ba shi da zaɓi. Abin da aka yi a wannan gida shi za a maimaita a na gaba.

Na uku shi ne kalankuwa. Akwai tauraro kamar a tashe, akwai ƙa'ida kamar a dara, amma babu wanda ya san yadda za a ƙare. Irin wannan shi aka kira wasan shiga-riga a wannan maƙala, daga maganar nan ta shiga rigar wani. Sharuɗɗansa uku ne: mai wasa ya ɗauki matsayin da ba nasa ba, ya yanke shawara da kansa a cikin wannan matsayi, kuma a sami wata hukuma da za ta ce abin da ya yi ya yiwu ko bai yiwu ba.

3.0 Kalankuwa

Kalankuwa bikin samari da 'yan mata ne na ƙauye, wanda aka san shi a ƙasashen Zazzau da Katsina da Kano da Zamfara. Da kaka ake yin sa, bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da rumbu ya cika kuma aljihu ya yi nauyi. Samari kan nemi izinin mai gari, su gayyaci takwarorinsu na ƙauyukan kewaye, su kafa rumfuna na zana da kara a wani fili. Wannan fili shi ke zama ƙasa mai cin gashin kanta na 'yan kwanaki. Akan naɗa Sarki da Waziri da Alkali da dogarai. A zamanin Turawa aka ƙara Gwamna da Razdan da Di'o da Likita da 'yan doka. Bayan 1960 kuma ministoci da shugaban ƙasa suka shigo. Wanda ya karya doka a kama shi, a kai shi gaban Alkali, a ci shi tarar da ba ta taka kara ta karya ba. Makaɗa suna gefe suna kirari ga kowane mai muƙami kamar da gaske.

Wannan tsari bai faɗo daga sama ba. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya nuna yadda samari da 'yan mata na ƙauye suke da sarautu nasu waɗanda suka kwaikwayo daga na manya. A Jamhuriyar Nijar ma akwai samariya, wadda gwamnatin Seyni Kountché, da ta yi mulki daga 1974 zuwa 1987, ta raya ta mai da ita ƙungiyar aikin gayya ta ƙasa. A Damagaram kuma akwai wasan kara, inda ake kwaikwayon mahukunta da kayan da aka sarrafa daga karan dawa. Kalankuwa ɗaya ce daga cikin wannan dangi.

4.0 Wasan Tebur

A 1974 waɗansu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Asalinsa daga wasannin dabarun yaƙi ne, irin wanda aka gabatar wa rundunar sojan Purusiya ta ƙasar Jamus a 1824 domin horar da hafsoshi, inda ake da alƙalin wasa mai faɗin sakamakon kowane umurni. Sabon abin da mutanen nan biyu suka kawo shi ne kowane mai wasa ya bar jan runduna ya riƙe mutum ɗaya tak.

Yadda ake yi shi ne mutum huɗu ko biyar su zauna da takarda da fensir. Ɗayansu shi ne uban wasa, shi ke bayyana duniyar da ake ciki, ya yi magana da bakin duk wanda aka gamu da shi. Sauran kuwa kowa ya faɗi abin da tauraronsa zai yi. Idan abin yana da shakka, sai a jefa ɗan lido. An sake fasalin littattafan wasan sau da yawa. Bugu na biyar ya fito a 2014, aka yi masa kwaskwarima a 2024, kuma daga gare shi aka ɗauko lissafin da ke sashe na 6.0.

Kowane tauraro yana da siffofi shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, ilimi, basira da farin jini. A tsarin 1974 akan jefa 'yan lido uku masu fuska shida ga kowace siffa, a haɗa abin da ya fito, wato daga 3 zuwa 18. Akwai hikima a wannan lissafi. 'Yan lido uku suna iya faɗuwa ta hanya 216. Hanya ɗaya ce kawai ke ba da 18, ɗaya ke ba da 3, amma hanya 104 ke ba da lamba tsakanin 9 da 12. Ke nan gwani da ragon gaske ba su da yawa, tsaka-tsaki su ne jama'a, kamar dai yadda mutane suke a kowane gari. Bayan siffofi sai a zaɓi sana'a. A bugun farko uku ne kawai: mayaƙi, matsafi da malamin addini.

5.0 Kwatanci

5.1 Wanda ke gina tauraro

A wasan tebur mai wasa ne ke gina tauraronsa, ya raɗa masa suna, ya ƙago masa asali. A kalankuwa jama'a ke naɗawa. Kuma idan za su naɗa, mutumin suke dubawa. Mai kwarjini da abin hannu shi ya dace da Sarki, domin sarauta ko ta wasa ce tana cin goro. Mai kaifin baki shi ne Alkali, ƙaƙƙarfa shi ne dogari. Abin da wasan tebur ya rubuta da lamba, kalankuwa ta karanta shi a jikin saurayi.

Wannan yana da sakamako babba. Yaro mai kunya yana iya riƙe tauraro mai farin jini 15 a bisa tebur, lamba ta yi masa magana. A kalankuwa ba zai taɓa zama Waziri ba, domin bakinsa na gaskiya zai yi aiki da shi. Wasan tebur yana ba mutum damar zama abin da ba shi ba. Kalankuwa kuwa gwaji ce, wadda gari ke gane waɗanda za su iya riƙe shi gobe.

5.2 Inda ƙa'ida take

Duniyar wasan tebur ƙagaggiya ce, saboda haka tilas a rubuta kome: nisan da kibiya ke kaiwa, nauyin da mutum zai iya ɗauka, kuɗin takobi. Shi ya sa littattafan ƙa'idarsa uku ne manya. Kalankuwa ba ta bukatar littafi, domin kowane ɗan ƙauye ya san dogari ba ya yanke hukunci, Alkali ba ya kamu da hannunsa, talaka ba ya zuwa gaban Sarki da takalmi. Tsarin mulkin ƙasar shi ne littafin ƙa'idar.

Don haka duk lokacin da tsarin mulki ya sauya, taurari ma sukan sauya. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnati ta karɓe kotunan alƙalai da 'yan doka daga hannun En'e, a 1976 kuma aka kafa ƙananan hukumomi a madadin En'e ɗin. Jerin muƙaman kalankuwar wani ƙauye a wata shekara shaida ce ta yadda talakawa suke ganin hukuma a wannan lokaci, da wanda suke ganin ya fi wani.

5.3 Raba gardama

Babu wasan da ba a gardama a cikinsa. A bisa tebur akwai matakai biyu: ɗan lido ya faɗi ko an yi nasara, uban wasa kuma ya fassara ƙa'ida idan ta yi duhu, maganarsa ita ce ta ƙarshe. Shi yana wajen labari, yana kallonsa daga sama. A kalankuwa mai raba gardama yana cikin labari, domin Alkali shi ma tauraro ne. Idan ya yi son kai, son kan ya zama wani ɓangare na wasan, a yi dariya, a kai ƙara gaban Sarki. Bayan Sarki kuma akwai taron jama'a, waɗanda shewarsu ko gunaguninsu ke nuna ko hukunci ya karɓu. Sarkin yawa, in ji masu iya magana, ya fi sarkin ƙarfi.

5.4 Iyakar wasa

Duka biyun suna da iyaka ta wuri da ta lokaci. Da an tashi daga tebur, mayaƙi ya koma ɗan makaranta. Da an rushe rumfuna, Gwamna ya koma gonar ubansa. Bambancin shi ne iyakar kalankuwa tana yoyo. Tarar da aka ci mutum daga aljihunsa take fita, yarinyar da ta ga saurayi cikin rawanin Waziri kuwa ba za ta manta ba bayan biki. Saboda wannan yoyo ne ake bukatar izinin mai gari. Haka abin yake a wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa a gabansa: rigar wasa ce ke ba su damar nuna masa abin da ba mai iya faɗa masa a zaman fada.

6.0 Misali Daga Ƙasar Yawuri

Domin a ga yadda lissafin yake aiki, ga misali da aka ƙaga a kan tarihi na gaskiya. Masarautar Yawuri, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga, tana cikin Jihar Kebbi tun da aka cire jihar daga Sakkwato a 1991. Ƙasa ce ta kabilu da yawa: Hausawa, Gungawa mazauna tsibiran kogin Kwara, Shangawa waɗanda harshensu na asali ɗan'uwan Busanci ne, Kambari, da Sarkawa masunta. An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968. Da tafkin ya cika sai ya haɗiye tsibirai da garuruwa, har da tsohuwar Busa, aka tayar da mutum fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Gungawa, waɗanda suka shahara da noman albasa da su da kokawa, suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Masanin nan ɗan Amurka Frank Salamone ya yi bincike a kansu a shekarun 1970.

A ɗauka uban wasa ya kafa labarinsa a daminar 1968, mai wasa kuma ya zaɓi ya zama matuƙin jirgi Bagunge. Bugu na biyar ya ba da lambobi shida da za a raba ba tare da jifa ba: 15, 14, 13, 12, 10 da 8. Sai ya raba su haka: zafin nama 15, ƙarfi 14, juriya 13, basira 12, farin jini 10, ilimi 8. Ƙa'ida ta ce 14 da 15 suna ba da ƙarin 2, 12 da 13 ƙarin 1, 10 ba ta ba da kome, 8 kuwa ragin 1 take jawowa.

Uban wasa ya ce ruwa ya kai bakin gonaki, ga wani dattijo ya ƙi barin tsibiri saboda kaburburan iyayensa. Mai wasa ya ce zai lallashe shi. Uban wasa ya ƙayyade wuyar aikin a 15. Za a jefa ɗan lido mai fuska 20. Da yake farin jinin tauraron ba shi da ƙari, idan aka ajiye sauran ƙare-ƙare gefe, sai 15 zuwa 20 ta fito, wato fuska 6 cikin 20, kashi 30 cikin ɗari. Idan kuwa aikin ƙetare igiyar ruwa ne cikin hadari, mai wuya iri ɗaya, zafin namansa ya ƙara masa 2, 13 ma ta isa, wato fuska 8 cikin 20, kashi 40 cikin ɗari. Lambobi sun nuna mutum ne da hannunsa ya fi bakinsa. Mai wasa mai wayo sai ya nemi abokin tafiyarsa, wata ƙila ɗan kasuwar Yelwa mai farin jini 15, ya bar masa lallashi, shi ya riƙe jirgi. Ta haka rabon siffofi ke tilasta haɗin kai.

Da a filin kalankuwa aka kawo wannan magana, babu lambar da za a duba. Dattijon wasa da matuƙin wasa za su tsaya gaban Alkali, kowa ya kawo hujjarsa da karin maganarsa, wanda ya burge taro shi ya ci.

7.0 Matsalar Ɗan Lido

Duk mai son amfani da wasan tebur a ƙasar Hausa zai gamu da tambayoyi biyu. Ta farko ita ce ta ɗan lido, wanda malamai da yawa suke ƙyama saboda hadisan da suka hana wasan nardu da kuma kusancinsa da caca. Ta biyu ita ce ta tsafi da gumakan da suka cika littattafan asali, abin da ya tayar da ƙura a Amurka ma a shekarun 1980 tsakanin waɗansu iyaye da limaman coci. Misalin da ya gabata ya nuna cewa duka biyun ba ginshiƙai ba ne. An gina tauraro ba tare da jifa ba, kuma labarin bai bukaci matsafi ba. Wajen yanke shakka kuwa, takardu 20 masu lamba a cikin ƙwarya za su ba da lissafi daidai da ɗan lido mai fuska 20, muddin ana mayar da wadda aka zara. Wannan ƙuri'a ce, babu kuɗin da aka aza. Hukuncin abin dai na malamai ne, amma ya kamata a kai musu siffarsa ta gaskiya.

8.0 Tambayoyin Mai Bincike

Kalankuwa ta ja baya a ƙauyuka da yawa. Samari sun tafi makaranta da ci-rani, wa'azi ya yi tsanani a kan cuɗanyar maza da mata, rashin tsaro kuma ya hana taron dare a sassan Zamfara da Katsina. Waɗanda suka riƙe muƙamai a kalankuwar zamanin En'e sun tsufa ƙwarai. Idan ɗalibi ya sami ɗayansu ya tambaye shi labarin wasan kawai, zai dawo da abin dariya guda biyu ko uku, ƙa'idar kuwa ta bi tsohon kabari. Abin da ya fi dacewa a tambaya shi ne:

(a) Waɗanne muƙamai ake da su, a wace shekara, kuma wanne ke gaba da wanne?
(b) Wa ke zaɓe, kuma ana iya ƙin karɓa ko a tuɓe wanda aka naɗa?
(c) Mene ne kayan kowane muƙami, kuma wa ke sayensu?
(d) Waɗanne laifuffuka ake hukuntawa, nawa ne tararsu, ina kuɗin ke zuwa?
(e) Idan baƙo ko dattijo ya shigo fili, dokar wasa tana hawansa?
(f) Idan faɗan gaske ya tashi, wa ke da ikon tsayar da wasa?
(g) Waɗanne muƙamai 'yan mata ke riƙewa, kuma ikonsu ya kai kan samari?

Amsoshin waɗannan tambayoyi, idan aka tara su daga ƙauyuka daban-daban, su ne za su zama littafin ƙa'idar kalankuwa. Da shi za a iya kwatanta ta Zazzau da ta Katsina, da shi kuma malamin makaranta zai iya sake kafa wasan a farfajiyar makarantarsa.

9.0 Kammalawa

An nuna cewa kalankuwa da wasan tebur na Turawa sun haɗu a sharuɗɗa uku na wasan shiga-riga, sun rabu a hanyar cika su. A ɗaya mai wasa ke gina tauraro da lamba, littafi ya riƙe ƙa'ida, ƙuri'a da uban wasa su raba gardama. A ɗayan jama'a ke naɗawa, tsarin sarauta ya riƙe ƙa'ida, Alkali da taro su raba gardama. Bisa ga haka, ya kamata a ware wa kalankuwa da danginta gurbi na musamman a cikin rabe-raben wasannin gargajiya, a riƙa nazarinta ta fuskar muƙami da iko da iyaka da hukunci. Jigo da zubi ma'auni ne mai kyau ga wasan da aka rubuta ƙarshensa tun kafin a fara. Wasan da 'yan wasa ke neman ƙarshensa da kansu yana bukatar nasa ma'aunin, kuma aikin samar da shi yana kan ɗaliban wannan sashe tun masu ba da amsa suna raye.